Dajin Kaluluwar Ciki, Cutar Da Ke Warkewa In An Yi Mata Sammako

Duk malamin da ya taɓa riƙe rajistar aji a ƙauye ya san irin layin nan da ke cika da alamar fashi, kwana biyar, kwana goma, har malam ya riƙa tsallake sunan in yana kira. In ya aika a tambayo, sai a ce yaron ba ya jin daɗi, cikinsa ne ya ɗan tashi, ana yi masa magani a gida. Malam ya ce Allah Ya sawwaƙe, ya juya ga allonsa. Mu ma haka muka saba shekara da shekaru, ba mu kuwa ga aibin abin ba sai da wani al'amari ya same mu a ƙasar Gaya.

Muna zagayen duba makarantu ne a ƙarshen damina, an fara yankan gero, muka sauka wata makaranta a yankin Gafasa, cikin Ƙaramar Hukumar Ajingi. Muna bin rajistar aji biyu sai muka ga wani yaro da alamar fashi 19 a jere, alhali kafin nan bai taɓa fashi ba ko na yini guda. Hedimasta ya ce yaron mai ƙoƙari ne, saifa ce ta kwantar da shi. Da aka tashi muka roƙe shi ya raka mu gidan. Aka fito mana da yaron zaure a kafaɗa, ɗan shekara bakwai, ciki ya yi tulu, hannuwa da ƙafafu sun tsotse, ga tsagar wanzami a jere a gefen cikin an shafe ta da wani baƙin magani. Uban dattijo ne mai mutunci, ya ce, "Ranka ya daɗe, saifa ce. Yayyensa duk sun yi ta, sun kuwa tashi." Muka ce, "Malam, ka yarda mu taɓa?" Ya ce bismilla. Mu ba likitoci ba ne, amma ko a kwalejin horon malamai an koya mana saifa tana hagu, ƙarƙashin haƙarƙari. Wannan kuwa ƙullutu ne mai tauri kamar dutse, ƙasa da cibiya, wajen dama.

Sai da muka kwana biyu muna lallashi, har da sa bakin dagaci, kana uban ya yarda aka ɗauki yaron zuwa Kano. Likita ya duba, aka yi gwaji, ya faɗa mana sunan cutar, ya ce tana cikin waɗanda a ke warkarwa, amma ta riga ta toshe ƙodojin yaron. Ya kwana tara a asibiti, Allah Ya karɓi abinSa. Da muka je yi wa likitan godiya ya ce da mako uku da suka wuce aka kawo shi, da yana da kyakkyawan zato. Mako ukun nan kuwa suna nan rubuce da jan biro a cikin littafinmu na makaranta, mu muka rubuta su da hannunmu, ba mu san abin da su ke faɗa mana ba. Tun daga ran nan muka shiga tambayar likitoci da karanta abin da suka rubuta, abin da muka samo kuwa shi mu ke so mu miƙa wa 'yan'uwanmu malamai da ma'aikatan ofis.

Kowa ya san kaluluwa. In yaro ya yi tuntuɓe yatsa ya yi ruwa, sai wani ɗan ƙullutu ya fito masa a matsematsi, in ciwon a hannu ya ke ya fito a hammata. Wannan ƙullutu bariki ne na fararen ƙwayoyin jini, watau sojojin da Allah Ya zuba a jiki domin yaƙi da cuta, kumburin kuwa alama ce ta ana fafatawa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne akwai irin waɗannan sojoji jibge a bangon hanji, kamar masu gadin ƙofar gari, domin duk abin da mutum ya ci ko ya sha ta nan zai wuce. To, wani lokaci ɗaya daga cikinsu ya kan lalace, ya shiga hayayyafa ba tsayawa, har 'ya'yansa su taru su zama ƙari. Wannan shi likitoci ke kira limfoma, mu kuwa za mu ce dajin kaluluwa. In ya tashi a wani wuri da ba kaluluwar da muka sani ba, to ya fi tasowa a tumbi, sa'an nan ƙaramin hanji. Irinsa da yawa ne, amma biyu suka shafe mu. Ɗaya na yara ne, yana gudu kamar wutar daji da rani. Ɗaya na manya ne, yana tafiyar hawainiya, ya kan shekara yana fakewa da sunan gyambon ciki.

Wanda ya kashe yaron Gafasa sunan wani likita ya ke ɗauke da shi, Denis Burkitt, mutumin Ailan, wanda ya yi aikin fiɗa a asibitin Mulago da ke Kampala ta ƙasar Yuganda. A 1957 aka nuna masa wani yaro da muƙamuƙansa suka kumbura sama da ƙasa, haƙora suna girgiɗi. Ba a daɗe ba ya ga wani irinsa, shi kuma har da ƙullutu a ciki. Ya koma ga tsofaffin takardun asibiti ya iske ashe an daɗe ana ganin yaran nan, sai dai ana ba kumburin muƙamuƙi suna dabam, na ciki suna dabam, ba wanda ya lura cuta ɗaya ce. Ya buga bayaninsa a 1958. Sa'an nan ya yi abin da ya kamata kowane akawu ya ji daɗinsa: ya buga takardar tambaya da hotuna, ya aika wa asibitocin Afirka ta gidan waya, duk inda amsa ta zo ya soka fil a taswira. A 1961 shi da abokansa likitoci biyu suka hau wata tsohuwar mota ƙirar Ford, suka yi tafiyar mil 10,000 cikin mako goma, suka leƙa asibiti fiye da 50 a gabashi da kudancin Afirka, suna tambaya ɗaya tak, kuna ganin wannan cuta ko ba ku gani.

Da aka dubi taswirar sai ga abin mamaki. Cutar ba ta hawa tsaunuka masu sanyi, ba ta kuma son inda ruwan shekara bai kai inci 20 ba. A nan Nijeriya ya iske ta fi yawa a Kudu mai ruwa bisa ga Arewa. Wace halitta ce ke gudun sanyi da fari, ta ke son zafi da laima? Sauro. Daga baya aka tabbata taswirar cutar da taswirar zazzaɓin cizon sauro mai tsanani kusan abu ɗaya ne. Ɗaya rabin amsar kuwa daga Landan ya fito. Wani masani, Anthony Epstein, ya saurari laccar Burkitt a 1961, ya roƙa a riƙa aiko masa da gutsuren ƙarin daga Kampala ta jirgin sama, a 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wani bairas a ciki, wanda shi ne bairas na farko da aka kama da hannu a cikin dajin ɗan Adam. Wannan bairas ta yawu ya ke yaɗuwa, kusan kowane yaro a ƙasashenmu ya ɗauke shi tun yana ƙarami, yawanci kuwa ba ya yi masa kome. Amma in zazzaɓi ya yi ta kama yaro damina bayan damina, sojojin jini suna ta hayayyafa cikin gaggawa, masu tsaron bairas ɗin sun raunana, sai a sami ƙwaya ɗaya da ta kuskure hanya. Yaro ɗaya cikin dubbai abin ke samu, amma a wurin iyayensa ai shi ke nan.

Kada wani ya ce tun da an ce ta fi yawa a Kudu, mu mun tsira. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya suna ganinta, tana kuwa cikin dajin da ya fi kama yaranmu. Zazzaɓi kuma ba baƙo ba ne a gabashin Kano. A Garki, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kano, yanzu kuwa Jigawa, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka yi babban bincike tsakanin 1969 da 1976. Suka iske da damina yawancin ƙananan yara suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓin a jininsu. Aka fesa magani a ɗakuna, aka raba ƙwayoyi, cutar ta ja baya ƙwarai, da aka daina kuwa ta komo. Ƙasar Garki da ta Ajingi ba su da wani bambanci a wajen sauro.

Abin da ya kamata malami ya riƙe shi ne saurin cutar. Ƙarin Burkitt yana iya ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu, babu dajin da ya fi shi gudu a jikin mutum. Ya fi kama 'yan shekara huɗu zuwa tara ko kusa da haka, watau 'yan aji ɗaya zuwa uku, maza sun fi mata. Saifar zazzaɓi a hankali ta ke girma, yaro yana yawo da ita wata da watanni, yana wasansa. Tsutsar ciki ta kan sa ciki ya yi tulu, amma da laushi. Wanda kuwa cikinsa ya tashi cikin mako biyu ko uku, ana jin ƙullutu mai tauri, yana ramewa, ko muƙamuƙi ya kumbura ba zafi, haƙoran da ba lokacin famfararsu ba suna girgiɗi, ko ido ɗaya ya fara turowa, ko ƙafafu su mutu farat ɗaya, wannan ba na jira ba ne ko na kwana guda. Mai yiwuwa in an je a iske wata cuta ce dabam, kamar tarin fuka na ciki ko ƙarin ƙoda. Ba a yi asara ba, su ma ba na zaure ba ne.

Saurin nan nata kuwa shi ne lagonta, domin magungunan daji sun fi cin ƙwayar da ke cikin hayayyafa. Tun farkon shekarun 1960 Burkitt da abokansa suka ga ƙarin da ya cika fuska ya narke cikin kwanaki bayan allura. A nan ƙasar, Likita Victor Anomah Ngu, mutumin Kamaru da ke aiki a Asibitin Jami'a na Badun, yana cikin waɗanda suka nuna amfanin wani magani mai suna siklofosfamid, har a 1972 aka haɗa shi da Burkitt da waɗansu aka ba su babbar kyautar Lasker a Amurka. Yau a ƙasashen da ke da wadata yaro 9 cikin 10 yana warkewa sarai. A yawancin Afirka da ƙyar a ke samun rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin dajin yara shida da ta ɗaura wa ɗamara a 2018, da nufin kafin 2030 yaro 6 cikin 10 mai daji ya rayu ko'ina a duniya.

Me ke cinye sauran? Zuwa a makare shi ne na farko. Na biyu kuwa ya fi ban takaici, domin nasarar maganin ce ke jawo shi. Uba ya ga an yi allura ɗaya, ciki ya saɓe, yaro ya nemi tuwo, ga dawa ta nuna a gona, ga kuɗin tunkiyar da ya sayar a kasuwar Wudil sun ƙare, sai ya ce Alhamdu lillahi, ya saɓi ɗansa ya koma gida. Alhali maganin zagaye-zagaye ne, ana yi ana hutawa har 'yan watanni, da allurar da a ke yi a gadon baya domin tsare ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin da suka tsira daga zagayen farko su ne masu taurin kai, in suka komo da wuya magani ya sake cin su. Ba mu ga laifin uban nan ƙwarai ba, wanda bai taɓa jinya a birni da aljihu wayam ba ba zai gane ba. Amma a nan ne malami da dagaci da limami ke da aiki, su fahimtar da shi, in da hali kuma a yi masa karo-karo, a sami mai taya shi girbi.

Yanzu sai mu juyo ga namu, mu manya masu zaman ofis. Da wuya ka buɗe aljihun teburin akawu ko malami ba ka iske kwalbar farin maganin olsa ba. Wani kanwa ya ke jiƙawa, wani madara. In ƙwannafi ya taso a ce yaji ne, ko shayi ba abinci, ko azumi, ko tunanin albashi. Likitocin duniya ma haka suka ɗauka har 1982, sa'ad da waɗansu biyu a birnin Perth na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka raini wata ƙwayar cuta mai murɗe-murɗe da suka samo a tumbin masu gyambo, wadda a yau a ke kira Helikobakta. Aka yi musu dariya, aka ce wace halitta za ta rayu cikin ruwan tsamin tumbi? Da Marshall ya ga ba a gaskata shi ba, a 1984 ya ɗaga kwanon da ya raini ƙwayoyin ya shanye, bayan 'yan kwanaki ya kama amai, aka leƙa tumbinsa aka iske ya yi ja ya kumbura. A 2005 aka ba su kyautar Nobel.

Wannan ƙwaya ta cika ƙasarmu. Wani likitan fiɗa da ya yi aiki a Maiduguri, Christopher Holcombe, shi da abokansa sun gwada jinin mutanen yankin, suka buga a 1992 cewa fiye da mutum 8 cikin 10 suna da alamarta, yawanci kuwa tun suna yara suka ɗauka. Kada wannan ya tayar wa kowa da hankali. Mafi yawan masu ita za su tsufa su mutu ba ta taɓa damunsu ba, waɗansu ta ba su gyambo, kaɗan ƙwarai ne ta ke kai su ga daji. Amma yadda ta ke kaiwar abin a sani ne. Lafiyayyen tumbi ba shi da barikin sojojin nan da muka ambata. In Helikobakta ta zauna a ciki, sai jiki ya tura sojoji su kafa sansani a bangon tumbin, su yi shekara 20 ko 30 suna yaƙin da ba ya ƙarewa, daga cikinsu ne wata ƙwaya ke lalacewa ta zama limfoma. Peter Isaacson da Dennis Wright suka fara bayyana irin wannan limfoma a Ingila a 1983. Wright ɗin nan kuwa, in ba mu manta ba mu faɗa, a Kampala ya yi ƙuruciyar aikinsa yana duba ƙarin Burkitt a madubin likita.

Ga inda labarin ya ke da daɗi. A farkonsa wannan daji bai tsaya da ƙafarsa ba tukuna, yana girma ne muddin yaƙin na ci, kamar wutar da sai ana tura mata kara. Sai waɗansu likitocin Landan da na Italiya suka ce, to in aka janye karan fa? Suka ba mutum shida masu cutar maganin kashe Helikobakta kawai, ba fiɗa, ba allurar daji. A 1993 suka ba da labari cewa a jikin biyar daga cikinsu dajin ya ɓace. An maimaita wannan a ƙasashe da yawa, an kuwa iske wajen mutum 3 cikin 4 da aka kama cutarsu tun tana bangon tumbi suna samun sauƙi ta haka. Kafin nan yanke tumbin a ke yi, rabi ko duka, mutum ya ƙare rayuwarsa yana cin abinci loma-loma. Yau maganin na kwana 10 ne zuwa 14: ƙwaya ɗaya mai rage tsamin ciki, irin su omifirazol, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu ko fiye, yadda likita ya zaɓa. Bayan wata guda a gwada numfashi ko bayan gida a tabbata ƙwayar ta mutu. Shi ƙarin kansa a hankali ya ke janyewa, wani sai ya shekara, saboda haka a kan riƙa komawa ana leƙawa. Wanda nasa bai ji wannan ba a kan yi masa gashi da na'ura, kamar yadda a ke yi a Shika ta Zariya da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, wannan ma yana warkar da mafi yawa. In kuwa an bar shi ya rikiɗe ya zama mai saurin girma, sai allurar daji wata da watanni, da kuɗi masu nauyi, ko da ya ke shi ma in bai bazu ba ana cin nasararsa sau da yawa.

Akwai ɗan'uwansa na ƙaramin hanji, an fi saninsa a ƙasashen Larabawa da Iran da arewacin Afirka, yana kama samari da zawo na watanni da rama. Shi ma a farkonsa maganin tetarasaikilin na wata shida ko fiye yana iya kwantar da shi.

To, yaya mutum zai rarrabe gyambo da wannan? Da jin jikinsa ba zai iya ba, ko likita ma ba ya iyawa da taɓawa. Sai an zura wani siririn bututu mai fitila ta baki, an leƙa tumbin, an tsakuro ɗan nama kamar ƙwayar gero an duba a madubi. Ana yin wannan a Kano, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da waɗansu wurare, aikin 'yan mintoci ne, mutum ya koma gida ran nan. Ba kowane mai ƙwannafi ke bukatarsa ba. Amma wanda ya sha maganin olsa yadda aka ce har wata biyu ciwo bai tafi ba, ko ya tafi ya komo, ko ya ga agogonsa ya fara yawo a tsintsiyar hannu, ko loma kaɗan ta ƙosar da shi, ko yana amai a kai a kai, ko aman da jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko idonsa ya yi fari, ko yana jiƙa shimfiɗa da gumi da dare ko da sanyin hunturu, to ya bar kemis ya nemi likita, ya kuma buɗe baki ya tambaya ko ya kamata a leƙa. Balle in ya haura shekara 45 ciwon kuma sabo ne. Ma'aikacin da a ke cire masa kuɗin taimakekeniyar lafiya daga albashi kowane wata, ya tambayi abin da katinsa ya ɗauke masa, ai ba don ado a ke cirewa ba.

Muna gargaɗi da babbar murya, kada wanda ya karanta wannan ya tafi kemis ya haɗa wa kansa magani. Shan kafso biyu yau, uku jibi, shi ya sa Helikobaktar ƙasarmu ta daina jin Flagyl a jikin mutane da yawa. Haka nan ƙwayoyin nan na ƙiba da ciwon gaɓoɓi, irin su deksametazon, suna da wata illa ta musamman a nan: su kan saɓar da limfoma na ɗan lokaci, mai ciwo ya ce ya warke, in aka zo tsakuro naman kuma likita ya kasa gane abin da ya ke gani.

Akwai wata magana da ta zauna a zukatan mutanenmu, cewa daji ba ya son ƙarfe, in aka yi masa allura ko aka taɓa shi da wuƙa sai ya fusata ya bazu. Mun ji ta a bakin jahili, mun ji ta a bakin mai digiri. Mun kuwa gane inda ta samo asali. In ba a kai mai daji asibiti sai ya kusa cikawa, lalle za a ga yana mutuwa bayan allura, sai a ɗora wa allurar. Amma mai wannan magana ya bayyana mana, yaya aka yi aska ta wanzami da kibiyar sakiya ba su zama ƙarfe ba? Yaron da muka ba da labarinsa tsaga goma sha ɗaya muka ƙirga a cikinsa.

Game da rigakafi, gaskiya ita ce babu allurar da za a yi wa yaro a ce ya tsira daga dajin kaluluwa. Abin da ke hannunmu shi ne rage abubuwan da ke share masa hanya, su kuwa tsofaffin abokan gabanmu ne. Na farko sauro. Gidan sauro mai magani amfaninsa a kan gadon yaro ya ke, ba a kan rumbu ko shingen lambu ba, inda mu kan gan shi in muna zagaye. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi umurni a riƙa ba yara 'yan wata uku zuwa shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓi wata-wata cikin damina a ƙasashe irin namu, ana kuwa bin gida-gida da shi a Jihar Kano. Masu rabon su kan ba da na ranar farko da hannunsu, su bar wa uwa na kwana biyu, a nan ne a ke sakaci. An kuma fara allurar rigakafin zazzaɓin a Nijeriya a Disamba 2024, daga jihohin Kebbi da Bayelsa. Zazzaɓin da ya kama yaro kuwa a gwada jini, a ba shi magani cikakke na kwana uku.

Na biyu ruwa da masai. Helikobakta daga mutum zuwa mutum ta ke tafiya, yawanci a cikin gida ɗaya, ta yawu da amai da bayan gida, ta hannun da ba a wanke ba da ruwan da ƙazanta ta shiga. Ba mu ce a daina cin tuwo a kwano ɗaya ba, wannan zumunci ne, ba kuwa mai jin mu in mun faɗa. Amma a wanke hannu da sabulu ko toka kafin a sa, ba a ruwan kwano guda da mutum takwas suka riga suka dama ba. Iyaye mata su bar tauna wa jariri abinci. Randar aji ta sami murfi da moɗa mai mariƙi, a riƙa zubawa a kofi, kada kowa ya tsoma nasa. Makarantar da ke da yara ɗari uku ba masai, kowane darasin kiwon lafiya da a ke yi a cikinta wasa ne, wannan kuwa magana ce da ta shafi masu rubuta kasafin ƙaramar hukuma fiye da malamin aji. Sai kuma cutar ƙanjamau, wadda ke karya sojojin jiki ta buɗe wa limfoma ƙofa. Gwajinta da maganinta kyauta ne a asibitocin gwamnati, mai shan maganin kullum ya rage wa kansa wannan haɗari ƙwarai.

Tun bayan abin da ya faru a Gafasa muka roƙi hedimastocin da mu ke dubawa su ɗauki wata al'ada. Yaron da ya yi fashin kwana biyar a jere saboda ciwo, malamin ajinsa ya taka ya gan shi da idonsa, kada ya tsaya ga saƙon 'yan ajin. In ya ga kumburi a ciki ko a fuska, ya gaya wa hedimasta ran nan, su sami uban tare da ma'aikacin lafiya na garin. Hedimasta ya rubuta 'yar takarda: ranar da yaron ya fara fashi, ranar da aka fara ganin kumburin, da duk maganin da aka ba shi, na kemis da na gida, a haɗa da kwalaben da fakitin a tafi da su, kada a ɓoye kome don kunya. Ranakun nan su likita zai fara tambaya, iyaye kuwa da wuya su riƙe su, rajista ce ke riƙewa. Daga nan sai babban asibitin Gaya, a nemi hoton ciki, in an ga ƙari a karɓi takardar turawa Kano a ranar, kada a yarda da a sha wannan a dawo bayan mako biyu. Daga Gaya zuwa Kano ta Wudil wajen mil 40 ne, wanda ya fita Gafasa bayan sallar asuba zai iya kaiwa kafin azahar.